Tumbi kawai kake son ragewa? Ga yadda abin yake

Kullum sai na ga ana tallan shayin rage tumbi a waya, ga kuma bel ɗin nan da ake ɗaurewa wai yana narkar da kitse. Jama'a jiki ba ya aiki haka fa. In jikinka ya nemi ƙarfi sai ya fasa kitsen da ya ajiye ya zuba a jini, tsokar da ke aiki ta ɗauka, kuma ba ruwansa da inda kai kake so ya fara. A 1971 an auna hannuwan 'yan wasan tanis a Amurka, hannun da suke bugu da shi ya fi tsoka amma kitsen duka biyun ɗaya ne. A 1984 ma wasu sun yi atisayen ciki, wanda ake kwanciya rigingine ana tasowa, sama da sau 5,000 cikin kwana 27, kitsen cikinsu bai ragu fiye da na bayansu ba.

To me za ka yi? Fara da abin sha. Kwalbar lemo ta 50cl tana iya ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 12, ka haɗa da shayin safe mai madara da sukari uku da burodi, wallahi tun kafin azahar ka gama lissafin sukarin ranar. Rage su, kada ka ce za ka daina tuwo gaba ɗaya don ba za ka jure ba, malmala biyu ta koma ɗaya, ka yawaita miyar ganye da wake da kifi da ƙwai.

Sai tafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da saurin da za ka ji numfashinka ya ɗan tashi. Ka yi atisayen ciki in kana so, yana ƙarfafa tsoka, shi ke nan.

Zufar da bel ke sa ka ruwa ne, ka sha kofi biyu ya dawo.

Kuma ka bar dogaro da sikeli kawai, samu tef ɗin tela ka auna ƙugunka wajen cibiya duk sati biyu, so ake kada ya kai rabin tsayinka. Mata ku yi haƙuri da kitsen cinya da kwatangwalo, shi ya fi daɗewa kafin ya motsa, na cikin ciki da ke kewaye da hanji shi kan riga sauka.