Yadda ake ɗora Linux a kwamfutar da Secure Boot ya tsare wa ƙofa

Da dama daga kwamfutocin da ake sayarwa a shagunan Garwa, Marwa da Ngaundere a Kamaru na-hannu ne waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai, kuma da yawa daga cikinsu ba sa ɗaukar Windows 11, wanda ke buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0. Ga shi kuma tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya rufe tallafin yau da kullum na Windows 10. Mai irin wannan kwamfuta yana iya komawa Linux, manhajar kyauta mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, wadda Linus Torvalds ya soma rubutawa a 1991, amma da zarar ya soka filashi yana iya cin karo da Secure Boot.

Shi wannan tsari yana zaune ne cikin UEFI, manhajar da ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, magajin tsohon BIOS, kuma aikinsa shi ne ya duba sa hannun duk manhajar da za ta tayar da kwamfuta. Tun fitowar Windows 8 a 2012 Microsoft ya gindaya wa masu ƙera kwamfuta sharaɗin kunna shi, kuma makullin da suke sakawa kusan kullum na Microsoft ne. Yana da amfani, domin yana hana miyagun manhajoji shiga tun kafin komai ya tashi, sai dai maigadi ne da yake karɓar umarni daga wani gida dabam, alhali kai ka biya kuɗin kayan.

Aikin farko ana yin sa ne tun a shago, kafin sefa ko ɗaya ta fita daga aljihunka. Ka kunna kwamfutar ka shiga saitin UEFI ta hanyar danna F10 a HP, F2 a Dell da Acer, F1 a ThinkPad. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, ka ajiye masa kayansa komin sauƙin farashi, domin ofishin da ya sa makullin yana can Turai, kuma cire ɗan batirin ciki ba ya goge shi a yawancin kwamfutocin ofis.

A gida, kwashe takardunka da hotunanka zuwa wani wuri. Idan BitLocker, makullin da Windows ke rufe faifan ajiya da shi, yana kunne, ka rubuta lambobinsa 48 na ceto a takarda, saboda taɓa Secure Boot kan sa Windows ya nemi su, kuma wanda bai ajiye ba yana iya yin asarar abin da ke ciki.

Sai ka sauke ɗaya daga nau'o'in Linux, wato Linux Mint, Ubuntu, Debian ko Fedora, daga shafinsu na asali. Ga sabon shiga Mint na fi ba da shawara, don fuskarsa ta yi kama da Windows, nauyinsa kuma bai wuce kusan gigabait 3 ba, abin dubawa ga mai sayen data da tsada. Mutum ɗaya ya sauke ya isa unguwa guda, kuma lasisin manhajar ya halatta a raba ta. Ka rubuta shi a filashi mai gigabait 8 da manhajar Rufus, wadda za ta goge duk abin da ke cikin filashin.

Yanzu ka gwada tayar da kwamfutar daga filashi ba tare da ka kashe komai ba, ta hanyar danna F9 a HP ko F12 a Dell da Lenovo. Masu gyara da yawa sukan yi gaggawar kashe Secure Boot, kuma galibi ba a bukatar hakan, domin waɗannan manhajoji huɗu suna ɗauke da wata ƙaramar manhaja mai suna shim wadda Microsoft ya sa wa hannu. Idan ta ƙi tashi, ka koma saiti ka nemi layin da ke ɗauke da kalmomin "3rd Party UEFI CA" ka kunna shi, tunda wasu sababbin kwamfutoci suna zuwa da shi a kashe.

Sai idan duk wannan bai yi ba, ko kuma manhajar da kake so ba ta da sa hannun, kamar Arch, sannan za ka kashe Secure Boot a sashen Security ko Boot. Acer ba ta yarda sai ka fara sa kalmar sirri ta mai kula. A nan akwai tarko ga mu masu madannan AZERTY na Faransanci: saitin yakan karanta su a matsayin QWERTY, ka danna A ya ɗauki Q. Ka zaɓi haruffan da ba sa sauya wuri, ka kuma rubuta kalmar a takarda.

Da Linux ya buɗe daga filashi, ka gwada wayfai, sauti da kyamara tukuna. Idan bai ga faifan ajiya ba, sau da yawa saitin faifai na Intel mai suna RST ne sanadi, sai a mayar da shi AHCI a cikin UEFI, amma hakan kan hana Windows ɗin da ke ciki tashi idan ba a shirya shi ba. Ka cika batir kafin ka fara ɗorawa, kada ɗaukewar wuta ta same ka ana tsakiyar raba faifai. Ka zaɓi ko dai ka zaunar da Linux gefen Windows ko ka goge Windows ɗin gaba ɗaya.

Idan ka bar Secure Boot a kunne kuma ka ƙara direbobi, wato manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta, irin na katin hoto na Nvidia, wani shuɗin allo mai suna MOK zai fito a tashi na gaba. Ka zaɓi "Enroll MOK" ka shigar da kalmar sirrin da aka nemi ka sa lokacin ɗorawa. Bayan nan ka shiga saitin madannai ka ƙara tsarin Hausa, wanda ke da ɓ, ɗ da ƙ.