Yadda Ake Gina Sarki a Labarin Almara, da Yadda Ake Kayar da Shi

Kafin ka raɗa wa sarkinka suna, ka san abin da zai kayar da shi. A nan labaran sarauta da yawa suke tuntuɓe: marubuci ya cika babi ashirin da kirari da dawakai, sai a babin ƙarshe wani aljani ya faɗo daga sama ya hallaka sarki. Mai karatu ba ya yafe wannan, kuma yana da gaskiya.

Fara da yadda ya hau gado. Masu zaɓen sarki ne suka tsallake yayansa suka ɗauko shi, ko da takobi ya ƙwata? Kowace hanya tana barin bashi. Wanda aka tsallake yana nan da ransa, da barorinsa, da dangin uwarsa. Daga nan basasar Kano ta 1893 ta taso: aka naɗa Tukur, Yusufu da magoya bayansa suka fice daga birni suka yi sansani a Takai. Ka nuna mai bin sarkinka bashi tun babi na farko, ko da yana durƙushe ne yana mubaya'a.

Mutum biyar sun isa fada: Waziri mai shawara, Madaki mai riƙe da barade, Galadima mai tsaron gari in sarki ya fita, uwar sarki, da amintaccen bawa guda mai shiga turaka. In suka wuce haka, sunaye za su cakuɗe wa mai karatu. Kowannensu ka rubuta masa layi biyu a gefe: abin da yake nema, da abin da zai rasa in sarki ya daɗe.

Asiri shi ne inda ya kamata ka daɗe. Zobe ne, ko takobi, ko rijiya mai aljanu, ka amsa tambaya uku tun kafin babi na biyar: me yake bayarwa, me yake ci, me ke karya shi? Asirin da ba ya cin komai yana kashe labari, domin ba abin da za a ji wa sarki tsoro. Mafi kyau, sarkin da hannunsa ya karya sharaɗin, kuma da dalilin da mai hankali zai iya yarda da shi. Ruwayar tarihin Kano ta ce Dirki, wani abin tsafin gari da aka naɗe da fatu, kan ci shanu na yanka, har Sarki Alwali ya gaji ya sa aka farfasa shi da gatari, mutane suka ce yadda ya fitar da abin da ke ciki haka za a fitar da shi daga ƙasar. A Kanem ma an ce sarkinsu Mai Dunama Dabalemi ya buɗe Mune, wani rufaffen abin asirin masarautar, rikici ya biyo baya. Lura cewa asirin bai kashe kowa ba, zukatan jama'a ne suka juya.

In littafin babi 30 ne, ba hawa gado 6, mulki 14, faɗuwa 10. Cikin goman nan a bi da tsari. Dukiya ce ke fara tsinkewa: fatake su sauya hanya, makiyaya su ƙaura don nauyin jangali. Sai mutane: hakimi ɗaya ya ƙi zuwa hawan salla ya aiko da uzurin ciwo, baɗi su zama uku. Yaƙi a ƙarshe yake zuwa, babi biyu sun ishe shi. Kada ka mance da jikin sarkin kansa. Askiya Muhammadu na Songhai, wanda ya karɓi mulki a 1493, ya tsufa ya makance, ɗansa Musa ya tuɓe shi a 1528.

Ƙarshe iri uku ne: kisa, kamar Yunfa na Gobir ranar da aka ci Alƙalawa a 1808, ko tuɓewa, ko gudun hijira. Tuɓewa ta fi wuyar rubutawa, amma ta fi taɓa zuciya, don mutumin yana raye. Kada ka ba shi dogon jawabin nadama. Ajiye shi a ɗakin da aka tsare shi, da asuba, yana jin tambari da kakaki daga ƙofar fada, maroƙin da ya yi masa kirari shekara ashirin yana kiran sunan ƙanensa.