Yadda Za Ka Kalli Zangon Farko na Game of Thrones Ba Tare da Ka Rikice Ba

Mutane da dama sukan fara kallon wannan shiri mai dogon zango da zumuɗi, amma kafin su kai kashi na uku sai su ajiye shi, saboda sunaye sun yi musu yawa kuma sun kasa gane wane ne yake gaba da wane. Tashar HBO ta Amurka ce ta fara haska shi a watan Afrilun 2011, an kuma ɗauko labarin ne daga littafin George R. R. Martin na 1996. Zangon farko yana da kashi 10, kowanne kusan sa'a guda.

Kafin komai, ka zaɓi wurin kallo, domin akwai tsiraici da zubar da jini a fili, don haka ba shiri ba ne na falo a gaban yara ko surukai. Ka kuma kunna rubutun da ke fitowa a ƙasan allo, saboda karin harshen 'yan wasan yana da nauyi ga kunnen da bai saba ba.

Kada ka tsallake kiɗan buɗewa. Taswirar da ake nunawa a lokacin tana sauyawa gwargwadon wuraren da labarin zai taɓa, kuma ita ce za ta zaunar maka da ƙasar Westeros a kai: Winterfell, mazaunin gidan Stark, a arewa, babban birni King's Landing da Karagar Ƙarfe ta sarki a kudu, sai katangar ƙanƙara mai tsawon ƙafa 700 a can ƙarshen arewa.

Daga nan sai ka samu takarda ka rubuta gidaje huɗu kawai tare da tambarinsu. Gidan Stark kerkeci ne, gidan Lannister zaki, gidan Baratheon namijin barewa, gidan Targaryen kuwa dodo mai kai uku. Duk wanda ya shigo, kafin ka damu da sunansa, ka duba tutar da yake ƙarƙashinta da kuma gidan da ya yi aure, domin a wannan labari aure yarjejeniya ce tsakanin gidaje. Sarki Robert Baratheon ya ƙwace mulki daga hannun 'yan Targaryen da takobi, amma matarsa Cersei 'yar Lannister ce, kuma 'yan uwanta sun kewaye fadar. Wanda ka ji ana kiransa Snow, kamar Jon, an haife shi ne a arewa ba ta hanyar aure ba, shi ya sa ba ya cikin lissafin gado.

Inda ya kamata ka fi zuba kunne shi ne zaman majalisar sarki, wanda a ganina ya fi fagen yaƙi muhimmanci a wannan zango. Labarin ya motsa ne da mutuwar Jon Arryn, mai riƙe da muƙamin Hannun Sarki, wato kwatankwacin waziri, abin da ya sa Robert ya yi tattaki har arewa don ya naɗa amininsa Ned Stark. A zamansa na farko a majalisa Ned ya ji cewa ana bin masarauta bashin zinare miliyan 6, kuma rabinsa na gidan Lannister ne. Idan ka riƙe wannan adadi, za ka gane dalilin da ya sa sarki mai kambi yake kasa tsawata wa surukansa. Ka lura da ma'aji Petyr Baelish da shugaban 'yan leƙen asiri Varys, waɗanda ba su da runduna amma sun san sirrin kowa. Duk lokacin da ɗayansu ya ba wani shawara, ka tambayi kanka abin da zai ci a ciki.

Labarin Daenerys Targaryen, wadda yayanta Viserys ya aurar da ita ga Khal Drogo, shugaban wata runduna ta mahaya dawakai, don shi Viserys ya samu mayaƙan da zai ƙwato mulkin gidansu, yana tafiya ne a hayin teku, kuma ba zai haɗu da na fada ba a wannan zango. Ka bi shi a matsayin labari mai zaman kansa.

Kada ka nemi sunan kowa a intanet kafin ka gama kashi na 9, domin layin farko na sakamakon bincike yakan faɗa maka wanda ya mutu. Idan ka rikice, gara ka koma kashi na farko, inda sarki ya sauka a Winterfell aka jera masa iyalan gidan ɗaya bayan ɗaya.