Yadda nake zama da fargabar ciwo

Ƙarfe uku na dare, yatsu biyu a gefen wuya, ina ƙirga bugun zuciyata da agogon waya. Na samu 96. Na san bugun babban mutum yana hutawa yakan kama daga 60 zuwa 100 a minti, amma hakan bai hana ni maimaitawa ba. Karo na biyu 108. Tsoron ne ya sa jiki ya saki sinadarin adrenalin, shi kuma ya ƙara wa zuciya gudu, ni kuma na ɗauki gudun a matsayin shaida. Sau biyu aka yi mini gwajin zuciya, aka ce lafiya lau. Kwana uku hankalina ya kwanta, sai "to idan ba su gani ba fa?" ta dawo.

Ga abin da na koya. Na farko, ka daina korar tunanin. A 1987 masanin halayyar ɗan'adam Daniel Wegner ya umarci mutane kada su tuna da farar dabbar beyar, sai ta dinga faɗo musu a rai. Haka tunanin ciwon daji ko shanyewar ɓarin jiki yake. Idan ya zo, nakan ce a raina, "ga fargabar nan ta iso," in ci gaba da abin da ke hannuna, gabana yana faɗuwa.

Inda aikin yake shi ne dube-dube. Taɓa ƙullutu a wuya, leƙa harshe a madubi, rubuta alamomi a Google, tambayar na kusa "kana ganin wannan ba komai?" Kowanne yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, sauƙin kuma shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa dubawar ce ta cece ka. Na taɓa latsa wata kaluluwa a ƙarƙashin haɓata har sati biyu, wurin ya yi tsami, sannan na tsorata da tsamin da ni na jawo. Ban iya bari lokaci ɗaya ba, ƙarya ne in ce na iya. Jinkiri na koya: idan hannu ya nufi wuya, in ba kaina minti 10. Minti uku na farko azaba ne. Daga nan abin yakan fara sauka da kansa. Bayan sati na mayar da shi rabin awa.

Idan yatsu da leɓe suka fara zugi kamar tafiyar kiyashi, kai yana juyawa, sau da yawa numfashin sauri ne ya rage iskar kabon dayoksaid a jini. Shaƙa a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo.

Ka tsaya ga likita ɗaya, ka faɗa masa kai tsaye cewa fargabar ciwo na damun ka, ku yanke abin da ya cancanci dawowa. Tambaye shi maganin tattaunawa da ake kira CBT, an tabbatar yana taimakawa a wannan matsala. Amma ciwon ƙirji mai danna da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, karkacewar baki, maganar da ta sarƙe farat ɗaya, waɗannan babu jinkirin minti 10, asibiti kawai.

Daren jiya ma na farka, hannu ya kai wuya. Na mayar da shi ƙarƙashin matashi, na kwanta ina jin bugun a kunnena har barci ya ɗauke ni.