Yadda za ki koya wa yara ƙasashen duniya a gida

Iyaye mata a nan Jos sun sha tambayata yadda ake yi. Ga shi, da misalin Masar:

1. Sayo taswirar duniya a kasuwar Taminus.
2. Manna ta a bango, daidai tsayin yaro.
3. Bar shi ya nemo Najeriya da kansa, ko zai daɗe.
4. Sa shi ya ja yatsa daga Jos har Alƙahira.
5. Nuna masa Kogin Nilu.

Hattara: yara kan ɗauka ruwan Nilu wajen ƙasan taswira yake gangarawa. Arewa yake kwarara, ya faɗa Bahar Rum.

6. Ba shi fenti ya zana tuta: ja, fari, baƙi.
7. Ku gina dala da laka.
8. Ku dafa koshari: shinkafa, taliya, adas da soyayyiyar albasa. In babu adas, wake ma ya yi.