Ku daina goge giranit ɗin kicin da ruwan tsami

'Yan uwa barkanmu da warhaka. Na ga wata 'yar uwa tana tambaya me ya sa dutsen kan teburin kicin ɗinta ya dusashe. Sau da yawa laifin abin goge-goge ne. Ruwan lemun tsami, ruwan khal da bilic suna cinye maganin kariyar da ake shafa wa giranit. Shi kuwa mabul ya fi rauni, tsami yana cin jikin dutsen kansa, ya bar tabon da ba ya fita.

Ruwan ɗumi da ɗan sabulun wanke kwanuka sun isa, sai a tsane da busasshen tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe.

Manja da kurkur su ne manyan abokan gaba. In sun zube, a goge nan take. In tabon ya riga ya kama, kwaɓa baking soda da ruwa ta yi kauri, ki shafa, ki rufe da leda ta kwana.

Gwaji kuma: ɗiga ruwa ki bar shi minti 15. In wurin ya yi duhu, dutsen yana shan ruwa, lokacin sake shafa maganin ya yi. Kuma kar ki yi yanka a kansa, wuƙarki ce za ta dakushe.