Kafin ka sayi motar tafi-da-gidanka, nemi tsani da bokiti

Sana'ata sayen riɗi da wake ce a kasuwannin ƙauye, daga Tasawa da Mayahi har Dakoro. Shekara da shekaru ina kwana a rumfar kasuwa ko a zauren abokin ciniki, sauro ya sha rabonsa, asuba ta yi in tashi. Da girma ya fara kama ni, bayana ya daina shiri da tabarma, sai na shiga neman irin motar nan ta Turawa mai ɗaki a ciki, da gado da murhun gaz da firigo da ɗan banɗaki. Masu faransanci kamfin-kar suke ce mata. Yaran unguwarmu kuwa tafi-da-gidanka suka raɗa mata, kuma nasu sunan ya fi zama daidai. Guda huɗu na duba kafin in saya, ta biyun saura ƙiris ta cinye min jari. Yanzu duk wanda ya gan ta sai ya tsaya tambaya, shi ya sa na ce bari in zayyana komai a wuri ɗaya in huta.

Ba za ka same ta a jere wurin masu sayar da motoci na Maraɗi ba kamar Corolla ko Hiace. Ɗai-ɗai suke shigowa. Wasu ta tashar jiragen ruwan Kwatano ko ta Lome, an danƙare cikinsu da tsofaffin katifu da kekuna da talabijin, don wanda ya turo ta daga Turai akwatin kaya ya ɗauke ta. Wasu kuma sun daɗe a ƙasar, suna ajiye a wani gida a Yamai ko Agadas tun da harkar ƴan yawon buɗe ido ta mutu. Dattawa suna tuna shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa ke ratso Sahara ta Tamanrasat da Arlit, su sayar da Peugeot 504 su hau jirgi su koma gida. Wannan ciniki ya wuce. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kuma, kaya da yawa suka koma bin Lome ta Burkina Faso, hanya ta yi nisa, kuɗin ɗauko mota ya ƙaru. In daga waje za ka ɗauko, fara zama da mai fitar da kaya a duwan, wato kwastan, ya yi maka lissafi tun ba ka ƙyalla ido a kan wata ba.

Ni dai makanikai na fi ba cigiya a kan dillalai. Makanike ya san wadda ke kwance a gidan wane da abin da ya kwantar da ita. Dillali kuwa la'adarsa ya sani. Hotunan Facebook da WhatsApp ba laifi, amma ka ce a turo maka bidiyon silin da ƙarƙashin motar da lambar shasi. Wanda ya ce sai ka tura kafin alƙalami sannan a buɗe maka ƙofa, yi masa fatan alheri ka wuce.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne abu biyu kake saye a kuɗi ɗaya, mota da ɗaki. Motar ba ta ba ni tsoro. Yawancinsu a kan Fiat Ducato aka gina su, wadda ita da Peugeot Boxer da Citroën Jumper uwa ɗaya uba ɗaya suke, tsofaffin kuwa su ne J5 ɗin nan da kowane gareji ya sani ciki da bai. Kamfanoni irin su Hymer na Jamus ko Pilote da Chausson na Faransa ɗakin kawai suke ɗorawa. To ɗakin nan shi ne ba mu da gwaninsa a garin nan. Bangonsa falle uku ne aka manne: farantin alminiyom ko roba a waje, soso mai tsare zafi a tsakiya, falankin katako siriri a ciki, tsofaffin kuma har ƙashin bangon na katako ne. Duk inda aka huda don taga ko ƙofa ko murfin iska na sama, danƙo ne ya toshe. Danƙon nan yana tsufa, ranar Maraɗi kuma tana gaggauta masa. Da ya tsage, ruwa ya shiga tsakanin falle da falle, ba ya fita, sai ya zauna yana cin katako shekara da shekaru, waje kuwa fenti na ƙyalli.

Ta biyun da na faɗa, a watan Afrilu na gan ta, tsakiyar bazara, komai ya bushe ƙayau. Fara ce sol, labulenta ma kamar ba a taɓa ba. Dillali ya riga mu zuwa ya turara cikinta da turaren wuta, ni kuma na ɗauka karamci ne. Makanikena ya tada inji ya saurara, ya ce, "Alhaji, wannan inji ko Agadas ka ce yanzu mu tafi." Har na fara lissafin inda zan ciro cikon kuɗi. Ƙanena kafinta ne, rakiya kawai ya yo. Ya hau gadon nan na saman direba, ya ɗaga katifa, ya danna babban yatsa a kusurwa. Yatsan ya nutse kamar a cikin nunanniyar gwanda. Ya ce, "Yaya, zo ka gani." Ya ɗan ɓanɓare gefen takardar bangon da farce, sai ga katako baƙi ƙirin yana zubowa kamar garin gawayi, ga kuma hanyar gara ta jar ƙasa ta miƙe har silin. Damina uku motar ta yi a gindin bedi. Dillali ya ce aikin jika ashirin ne. Ƙanena ya yi dariya ya ce sai dai a rushe a sake gini.

Saboda haka ga yadda nake yi tun daga ranar. Ka ce a rufe motar ruf ta kwana, ka zo da sassafe ka zama kai ne farkon buɗewa. Hancinka zai gaya maka gaskiya kafin ido: warin rima, irin na ɗakin da aka rufe duk damina, ba ya ɓuya sai da turare. In ka ji turare ko an bar tagogi a buɗe, ɗaga zuwa gobe. Daga nan ka bi bango da yatsa kana dannawa, kusurwa huɗu na sama, kewayen kowace taga, kewayen murfin iska, cikin kabad-kabad na sama can ƙurya inda ba a gogewa, ƙarƙashin katifa da kujeru. Bango mai lafiya tauri gare shi, in ka ƙwanƙwasa yana amsawa. Ruɓaɓɓe yana lotsawa, sautinsa a mace. Ka taka daɓen da dunduniya a bakin ƙofa da gaban banɗaki, in yana lanƙwasa ruwa ya riga ka. Akwai ƴar na'urar auna danshin katako mai ƙusa biyu, in ka samu aro ka tafi da ita. Abin da ya haura 20 cikin ɗari akwai magana.

Sai ka fito waje ka tsaya a gefe, ka kalli bangon a karkace yadda rana ke dukansa. Kumburi ko ƙananan ƙuraje a jikin alminiyom alama ce ruwa na cinsa daga ciki. Yanzu tsani ya yi amfani. Ka jingina, ka sa tsumma kada ka karce wa mutane mota, ka leƙa rufin ba tare da ka taka shi ba. Duba danƙon kowane haɗi, duba robar murfin iska ko rana ta farfasa ta. In ka ga an lafta kwalta ko silikon sabo a wuri ɗaya, tambayi dalili, don ba a ɗaure yatsan da bai yi ciwo ba. Sannan bokiti: a miƙo maka ruwa ka kwarara guda huɗu ko biyar a kan haɗe-haɗen da tagogi, ka sauko ka sha shayi rabin awa, ka koma ciki da tocila. In da hali ma ka bari sai Agusta, washegarin ruwan sama mai ƙarfi. Mai motar da ya hana ka zuba mata ruwa ya riga ya ba ka amsa.

In ɗaki ya tsallake, sai kayan ciki. Gaz ne farko don shi ke kisa. Ka tafi da butel ɗinka ta kilo 6, kuma ka sa a ranka bakin regilatar Turai ba lalle ya hau ta ba, sai an sake. Tiyon gaz yana da shekara a rubuce a jikinsa, wanda ya wuce lokaci ko ya yi tauri a yar. Ka kaɗa ruwan sabulu ka shafa a kowane haɗi, in ya yi kumfa yana yoyo. Kada wani gwani ya ce bari ya gwada da ashana. Wutar murhu shuɗiya ake so.

Firigon yawancinsu ba irin na gida ba ne, ba shi da kwamfaresa. Da zafi yake aiki, na gaz ko na lantarki mai volt 220 ko na batir mai volt 12, yana son motar ta tsaya daidai ba a karkace ba, kuma yana ɗaukar awoyi kafin ya yi sanyi, don haka ka ce a kunna shi tun dare. Warin amoniya ko garin rawaya a bayansa na nufin ya mutu. Ko mai lafiyar ma, in zafi ya haura 40 a watan Mayu, ruwa mai ɗan sanyi-sanyi zai ba ka, kada ka sa ran ƙanƙara. Batir biyu ne, na inji da na ɗaki. Na ɗakin in ya cika aka auna shi zai nuna wajen volt 12.6, in aka tada inji ya hau kusan 14. Bai hau ba, ba ya samun caji. Ka cika tankin ruwa, yawanci wajen lita 100 ne, ka buɗe famfo, ka leƙa ƙarƙashin kabad ko yana ɗiga. Na'urar ɗumama ɗaki kuwa ban taɓa tada hankalina a kanta ba, bargo ya ishe ni sanyin Janairu.

Inji ka bar wa makanike, amma ka tabbata ya same shi a sanyaye, ka taɓa da hannunka kafin a murza makulli. Ya duba mai ko ya yi fari kamar madara, ya duba ruwan radiyata ko yana tafasa da kumfa, don lalacewar juwan kulas, wato gasket ɗin kan inji, shi ne ciwon motar da ta saba da sanyin Turai ta faɗo zafinmu. Injin Ducato 2.8 da 2.3 da bel na taimin suke tafiya, in ya tsinke ya tafi da inji, saboda haka ka sa kuɗin sabon bel cikin lissafi ko me mai motar ya rantse maka. Ni na fi son tsohon injin gazuwal marar kwamfuta da yawa. Sababbin nan masu matatar hayaƙi da ruwan AdBlue na tsabtace hayaƙi ba sa jure man da za ka sha a hanya, balle na ƴan ruwa-ruwa. Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka, irin motocin nan zama suke yi ba tafiya ba, taya ta tsufa ba ta cinye ba. Lamba huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar su ne sati da shekarar da aka ƙera ta: 2316 na nufin sati na 23 a 2016. Irin wannan a kwaltar Maraɗi zuwa Damagaram da tsakar rana fashewa za ta yi.

Gwajin tuƙi ka ɗauki hanyar Ɗan Isa ka ba ta wuta, ido a kan allurar zafi, sannan ka sauka kwalta ka ɗan shiga burji da yashi. A nan za ka gane halinta. Ƙafafun gaba ke ja, gindinta dogo ne kuma a ƙasa-ƙasa, kwazazzabo kaɗan sai ka ji ta daki ƙasa. Kasuwar da ba ta kusa da babbar hanya, a bakin kwalta nake barin ta in hau amalanke ko kabu-kabu. Kuma ba motar kaya ba ce. Yawancinsu kilo 3,500 ne iyakarsu gaba ɗaya, abin da ya rage bayan nauyin ɗakin sau da yawa bai wuce buhu huɗu ko biyar ba, har da kai da ruwanka da butel. Riɗina a kaminyo yake biyo ni.

Takardu ba sa son dogon bayani. Lambar shasi harafi da lamba 17 ce, ka karanta ta a jikin ƙarfen motar ɗaya bayan ɗaya, ta zo daidai da kartigiris, wato takardar rajistar mota, da takardar biyan duwan. Sunan da ke kan takarda shi za ka zauna da shi, da shaidu biyu, a rubuta a sa hannu. Sitiyari ya zama a hagu, ta Ingila mai sitiyari a dama wahala ce a hanyoyinmu.

Sai abin da ni ban yi ba, auna ƙofar gida. Mai gado a saman direba tsayinta ya kai mita uku. Ranar da na kawo tawa gida, yara na bin ta da ihu, muka iso ƙofa sai ga dakalin saman get ya tare ta da kusan kamu biyu. Uwargida na tsaye tana kallo, ta ce, "Alhaji, gidan ne ya ƙi shiga gida?" Yanzu a filin ƙanena take kwana, ƙarƙashin rumfar kwano, tayoyinta a kan daɓen siminti saboda gara, kuma duk farkon Yuni shi ke hawa tsani ya sake bin danƙon rufin.